Yadda na koyi haɗa fihirisa da nemo bayanai a kwamfuta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mutane da yawa suna tambayata wai ta ina na shiga harkar nemo bayanai a kwamfuta tunda sun san ba kwamfuta na karanta ba, shine nace bari in zauna in rubuta yadda abin ya faru tun daga farko, ko Allah zai sa wani ya ƙaru.

Aikina na farko ajiyar takardu ne a wata ƙungiya. Akwai tarin rahotanni da wasiƙu da bayanan taro na shekaru masu yawa, wasu a kwamfuta aka buga su wasu kuma takarda ce akayi sikanin ɗinta aka zuba a folda, kuma duk wanda ya riƙe wajen kafin ni da irin sunan da yake sa wa fayil, wani kwanan wata yake sawa wani sunan wanda ya rubuta wani kuma lamba kawai. Aikina shine idan ance a nemo takarda kaza in nemo. To ba wanda yake zuwa da sunan fayil, mutum zai zo ne yace min akwai wani rahoto da akayi maganar gyaran rufi a ciki, yana jin shekara uku ko huɗu kenan, kuma yanzu yake so. Sai in zauna in dinga buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya ina karantawa har idona ya fara ruwa.

Abin da ya tsaya min a rai har ya tura ni neman hanya wata baiwar Allah ce da mijinta ya rasu, ya taɓa aiki a wajen, ana bukatar wasiƙar ɗaukarsa aiki kafin a biya ta haƙƙinsa. Tayi ta zuwa ina bata haƙuri, ita kuma ko sau ɗaya bata ɗaga min murya ba, sai dai tace "Allah ya taimaka ɗana, zan dawo." Wallahi wannan maganar tafi zagi ciwo a wajena. Daga baya na samo wasiƙar da hannu, ashe tana nan tun farko, hoto ce ba rubutu ba, kuma an rubuta sunansa da wasu haruffa daban da yadda ita ta rubuta min. Ranar na ƙudurta a raina cewa dole akwai wata hanya, ba zai yiwu haƙƙin mutum ya dinga makalewa saboda ni ban iya nema ba alhali abin yana cikin na'urar da ke gabana.

Wani dattijo ne mai kula da kwamfutocin wajen ya fara buɗe min ido. Mutum ne mara yawan magana, Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta, yake amfani da shi tun ba a san shi sosai ba. Naje nace masa Malam don Allah akwai yadda za a ce wa kwamfuta ta duba cikin fayil ba sunansa kawai ba? Yace zauna. Ya buɗe baƙin allon nan da ake buga umarni, ya rubuta grep da kalma ɗaya, sai ga layuka suna zubowa kowanne da sunan fayil ɗin da kalmar take ciki. Yace min wannan grep ɗin Ken Thompson ne ya rubuta shi tun farkon shekarun 1970 kuma har yau ana aiki da shi. Naji kamar an sauke min kaya daga kai, amma murnar bata daɗe ba, don grep rubutu tsagwaro yake karantawa, PDF kuwa a matse yake, fayil ɗin Word na zamani ma ashe zip ne da wasu fayiloli a ciki, hoton sikanin kuwa ba ma harafi a cikinsa ko ɗaya a wajen kwamfuta. Sannan ko ya karanta, duk sanda ka tambaye shi sai ya sake bin komai daga farko har ƙarshe, kuma abin da ya samo haka zai zube maka shi ba wanda yafi wani muhimmanci.

Da na koma masa da wannan ƙorafin sai yace yawwa, yanzu ka iso bakin ƙofa, abin da kake bukata fihirisa ne. Ya ɗauko wani littafi ya buɗe shafukan ƙarshe inda ake jera kalmomi da lambar shafin da kowacce ta fito, yace wanda ya haɗa wannan ya karanta littafin sau ɗaya ya hutar da kowa, kai yanzu ba sai ka karanta duka ba. Ya saka min wata manhaja Recoll, wadda a ƙarƙashinta Xapian ne yake aikin. Muka barta ta kwana tana bin foldoji, da safe na buga kalma biyu kafin in ɗage yatsa sakamako ya fito, daga PDF da Word da imel har da abin da ke cikin zip. Hotunan sikanin kuma muka bi su da Tesseract, manhajar da take duban hoto ta fitar da rubutu, kamfanin HP ne ya fara ta a shekarun 1980 aka sake ta ga kowa a 2005.

Da anan na tsaya da aikin ofis ya wadatu, amma sai wani abu ya dame ni. Me yasa wannan takardar ta fito a sama waccan ta fito ta goma sha? Waye ya yanke hukuncin? Wani lokaci ta saman ita ce daidai wani lokaci kuma wadda nake nema tana can ƙasa, ni kuma ba na son abin da zan dogara da shi wajen haƙƙin mutane ya zama ban san yadda yake tunani ba. Anan ne na gane amfanin manhaja mai 'yanci, wato ba rashin biyan kuɗi ne kawai ba duk da shima ba ƙaramin abu bane ga mai koyo, babban abin shine an baka damar ka buɗe cikinta ka karanta ka canza ka kuma raba wa wani, tafiyar da Richard Stallman ya faro da GNU a 1983. Malam yace min ba wanda ya ɓoye maka komai, lissafin yana nan a rubuce, in kana so ka gane shi to ka gina naka ƙarami da hannunka.

Haka na fara koyon Python, wani yaren rubuta manhaja, da daddare bayan an tashi aiki. Fihirisa na farko da na rubuta bai cika shafi ɗaya ba kuma har yau ina ganin duk mai son wannan fanni daga nan ya kamata ya fara, kafin ya taɓa wata babbar manhaja. Ga yadda yake: ka ba kowace takarda lamba, ka yayyanka rubutunta kalma kalma, ka mayar da manyan haruffa ƙanana, sannan ga kowace kalma ka ajiye jerin lambobin takardun da ta fito a ciki. Maimakon takarda ta nuna maka kalmominta, kalma ce take nuna maka takardunta, shi yasa ake ce masa juyayyen fihirisa. Idan rufi yana cikin takarda ta 2 da 9 da 14, gyara kuma yana cikin 3 da 9 da 14 da 20, mai neman gyara da rufi tare amsarsa 9 da 14 ce, kuma tunda jerin a tsare suke daga ƙarami zuwa babba, yatsa biyu kawai zaka sa kana tafiya a kan jerin biyu lokaci guda, wanda yake baya ya matsa gaba, inda suka haɗu ka ɗauka. Ba ka buɗe takarda ko ɗaya ba. Ranar da wannan yayi aiki a kwamfutata na daɗe ina kallon allo ina mamaki, abin da nake ɗauka wani sirri ne na manyan kamfanoni ashe tushensa kenan.

Daga nan na ƙara ajiye matsayin kalma, wato ta nawa ce a cikin takardar, saboda in mutum ya nemi jimla a jere a iya tabbatar da cewa kalma ta biyu tana bin ta farko kai tsaye. Fihirisa ya ƙara girma sosai amma ya cancanta. Na kuma koyi dabarar rage girman: maimakon ka ajiye 1000 da 1003 da 1010 sai ka ajiye 1000 da 3 da 7, tazarar kawai, ƙananan lambobi basa cin wuri.

Inda na fi daɗewa kuma inda na fi jin daɗi shine jeranta sakamako. Tunanin farko da kowa zai yi shine takardar da kalmar tafi yawan fitowa a ciki ita ce a sama, kuma tun shekarun 1950 Hans Peter Luhn na IBM yayi wannan tunanin na ƙirga yawan kalma. Amma ka gwada zaka ga matsala, kalmomi irin su da, na, a, ya, sune suka fi kowa yawa kuma basu gaya maka komai game da takardar. Wata mata ce a Kambirij ta Ingila, Karen Spärck Jones, ta kawo gyaran a 1972, kuma gaskiya tunda na fahimci abin da tayi nake girmama ta. Cewa tayi nauyin kalma ya danganta da ƙarancinta a cikin tarin takardun gaba ɗaya. Misali kana da takarda 1000, ka raba 1000 da yawan takardun da kalmar ta fito ka ɗauki logaridim na goma, wato a wannan misalin ka ƙirga sifili nawa ne a amsar. Kalmar da take cikin duka 1000 nauyinta sifili ne, wadda take cikin 10 kawai nauyinta 2, wadda take cikin guda ɗaya tak nauyinta 3. Kaga ba sai ka zauna kana gaya wa kwamfuta wace kalma ce mai amfani ba, takardun da kansu suke faɗa. A wajen aikinmu sunan ƙungiyar ma nauyinsa ya kusa sifili saboda yana saman kowace wasiƙa, kuma hakan shine daidai, kuma ba wani jerin kalmomin da ake watsi da su wajen nema da wani ya rubuta a wani wuri da zai san wannan. Idan ka ninka yawan fitowar kalma da wannan nauyin shine abin da ake kira tf-idf, wanda Gerard Salton da ɗalibansa a jami'ar Cornell suka yi ta aiki a kai da tsarinsu na SMART.

Sai kuma wata matsalar ta fito, dogayen rahotanni suna danne gajerun wasiƙu saboda komai ya fi yawa a cikinsu. Rahoton shekara mai shafi ɗari zai ambaci rufi sau da yawa a warwatse, wasiƙa mai shafi ɗaya da gaba ɗayanta akan rufin take sai ta koma ƙasa. Maganin da na samu shine BM25, wanda Stephen Robertson da abokan aikinsa suka fito da shi a shekarun 1990 a tsarin Okapi na City University da ke Landan. Abu biyu yake yi. Na farko yana sa maimaici ya ƙoshi, wato ana raba yawan fitowar da yawan fitowar haɗe da wata lamba k1 wadda yawanci 1.2 ce. Na zauna da biro na lissafa don in gani da idona: ga takarda mai matsakaicin tsawo, fitowa ɗaya tana bada kusan 0.45, biyu 0.63, goma 0.89, ɗari kuma 0.99. Ka duba tsakanin ɗaya da biyu akwai tsalle, amma tsakanin goma da ɗari kusan ba komai, don wanda ya faɗi abu sau goma ka riga ka san maganar da yake, ƙarin casa'in ba zai ƙara maka sani ba. Na biyu yana duba tsawon takarda ya gwada da matsakaicin tsawon sauran, doguwa a rage mata gajeruwa a ɗaga ta, lambar da take riƙe da wannan ita ce b, yawanci 0.75. Na saka shi a ɗan fihirisana, wasiƙun nan suka hauro sama. Ni dai a ganina duk wanda ya fahimci waɗannan lambobi biyu da hannunsa ya wuce rabin masu cewa sun iya injin bincike.

Bayan haka ne na koma kan manyan manhajoji, kuma da yake na riga na gina ƙaramin sai naga ba baƙon abu a ciki, girma ne da ƙwarewa kawai. Lucene, injin bincike wanda Doug Cutting ya rubuta da yaren Java a 1999, shine uwa, a kansa aka gina Solr da Yonik Seeley ya fara a 2004 aka miƙa wa Apache, gidauniyar buɗaɗɗun manhajoji, a 2006, a kansa kuma Shay Banon ya gina Elasticsearch a 2010. Ni Solr na ɗauka, saboda yana da wani shafi da zaka buga jimla ya nuna maka yadda ake yayyanka ta mataki mataki, kuma zaka iya ce masa ya bayyana makin kowane sakamako, ya zayyano maka wannan kalmar ta bada kaza saboda tana cikin takarda kaza daga cikin kaza, tsawon takardar kaza ne. Tambayar nan da ta hana ni sakat tun zamanin Recoll, ga amsarta a rubuce lamba lamba. Na kuma ga cewa Lucene ɗin ma sai a 2016 ya mayar da BM25 tsarinsa na asali, kafin nan wani nau'in tf-idf yake amfani da shi. Wani abin da ya burge ni shine baya gyara fihirisa a inda yake, sabon yanki yake rubutawa duk sanda aka ƙara takardu, wadda aka goge kuma alama kawai ake sa mata, sai daga baya a haɗe ƙananan yankuna su zama babba a zubar da gogaggun, shi yasa zaka goge abu kaga wurin ajiya bai ragu nan take ba.

To yanzu ga inda na sha wuya ta gaske, kuma inda da manhajar rufaffiya ce da sai dai in haƙura. Takardunmu Turanci ne da Hausa a gauraye. Turanci an gama masa gata, tun 1980 Martin Porter ya rubuta ƙa'idojin yanke wutsiyar kalma don a haɗe dangin kalma wuri ɗaya, sai dai ka kunna kawai. Hausa kuwa ni na zauna nayi nawa. Farko haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Wani magatakarda ya buga ƙasa wani ya buga kasa wani kuma k'asa, ita kuma Tesseract wani lokaci taga ƙ ta karanta shi wani harafi daban. A wajen kwamfuta waɗannan kalmomi ne mabambanta da basu san juna ba. Dabarar da ake cire wa haruffan Faransanci alamar sama bata aiki anan, don a Unicode, tsarin da kwamfuta take ajiye haruffa da shi, é ana iya raba shi gida biyu harafi da alama, amma ƙ harafi ne guda mai zaman kansa, ba abin da za a cire. A Lucene akwai matatar da take mayar da shi k, sai dai in ka mayar da komai haka baƙi da baki sun zama ɗaya, ƙafa da kafa sun zama ɗaya. Abin da na tsaya a kai shine in ajiye rubutun sau biyu, fili ɗaya yadda aka rubuta shi fili ɗaya a miƙe, a nema a duka biyun amma wanda ya dace da ainihin rubutun a ƙara masa maki. Mai nema ba ya rasa komai, kuma daidai ɗin yana fitowa a gaba.

Sai jam'i, wanda ba wata ƙa'idar yanke wutsiya da zata kai ka daga littattafai zuwa littafi ko daga gidaje zuwa gida ko daga mata zuwa mace. Na gwada yanke n da r na ƙarshen kalma da su nsa da nmu don gidan da gidansa da gidanmu su haɗu, yana taimakawa amma dole ka yi hattara da gajerun kalmomi da sunayen mutane kar ka yanke abin da ba wutsiya bane. Jam'in kuwa fayil na buɗe na kalmomi masu ma'ana ɗaya nake rubutawa da hannu, duk sanda wani ya nemi abu bai samu ba in duba dalili in ƙara layi. Har yau fayil ɗin nan yana girma kuma ina jin shine abu mafi daraja da na haɗa a aikin nan gaba ɗaya, yafi duk wani kod da na rubuta.

Sunayen mutane kuma akwai nema na kusa da daidai, wanda aka gina akan lissafin Vladimir Levenshtein na 1965, ana ƙirga harafi nawa zaka canza ko ka ƙara ko ka cire kafin wannan kalma ta zama waccan. Tsakanin Muhammad da Mohammed canji biyu ne, kuma Lucene yana yarda har zuwa biyu. Irin matsalar da ta riƙe wasiƙar mijin baiwar Allah nan kenan, yanzu alama ɗaya ake ƙarawa a bayan suna ta warware. Amma ban kunna shi ga kowace kalma ba, a gajerun kalmomi canji biyu yana kwaso shara mai yawa.

Wani darasi da Malam ya matsa min a kai, lokacin ina ta canje canje ina zuwa ina ce masa yanzu yafi kyau, shine ya tambaye ni "da me ka auna?" Yace ji a jiki ba awo bane, kana gyara tambaya ɗaya kana ɓata biyar baka sani ba. Shine na karanta yadda Cyril Cleverdon yayi a Cranfield ta Ingila a shekarun 1950 da 1960, ya tara takardu da tambayoyi da kuma hukuncin mutane akan wace takarda ce take amsa wace tambaya, wanda irin tsarin ne taron TREC na Amurka, inda ake gwada injinan bincike, ya ɗora a kai tun 1992. Awo biyu ne a gindin abin. Cikin abin da injin ya kawo nawa ne daidai, sannan cikin duk daidai ɗin da ke ajiye nawa ya kawo. In ya kawo 10 kuma 6 ne masu amfani amma a ajiye akwai 20 masu amfani, to ta fuskar farko yaci 6 cikin 10, ta fuska ta biyu 6 cikin 20 kawai. Kuma su biyun suna jan juna, ka buɗe ƙofa don kar ka rasa komai shara ta shigo, ka tsananta don tsabta ka bar abu a waje. Wanne yafi? Ya danganta da mai nema. Shugaba da yake son rahoto ɗaya yanzu yanzu tsabta yake so, mai neman haƙƙi ko mai binciken kuɗi kuwa gara a kawo masa da shara akan a ɓoye masa takarda ɗaya. Na fara rubuta ainihin tambayoyin da mutane suke zuwa da su, da bakinsu yadda suka faɗa, da takardun da a ƙarshe suka ce sune, duk canjin da zanyi sai na bi da shi ta kan wannan jerin tukuna. Akwai dabaru da naji ana yabo na gwada naga a takardunmu basu ƙara komai ba na cire su.

A 2021 kamfanin da ke da Elasticsearch ya canza lasisinsa zuwa wanda ba a lissafa shi cikin buɗaɗɗu, abokai da suka gina aikinsu a kai hankalinsu ya tashi, amma da yake tsohon kod ɗin yana ƙarƙashin lasisin Apache sai aka ɗauke shi aka ci gaba da sunan OpenSearch, daga baya a 2024 kamfanin ya ƙara lasisin AGPL wanda shi buɗaɗɗe ne. Tun lokacin kafin in koyi kowace manhaja sai na fara karanta lasisinta, kuma ina ajiye rubutun takardu tsagwaro a gefe guda yadda ko wane inji zan koma zan iya sake gina fihirisa daga farko.

Ga mai son farawa, kar girman sunayen nan ya tsorata ka kuma kar ka fara da saba, wato babbar kwamfutar da wasu suke haɗuwa da ita. In takardun kwamfutarka ne kawai Recoll ya isa. In kana ɗan rubuta kod, SQLite, ƙaramar manhajar ajiye bayanai, yana da sashen neman rubutu mai suna FTS5 a cikinsa, fayil ɗaya ne ba wani saiti, kuma da BM25 ɗinsa a shirye, ni kaina ƙananan ayyuka da yawa da shi nake yi yanzu. Amma ka gina naka na Python ɗin nan tukuna ko da na takarda ashirin ne, ka buga jerin lambobin ka gansu da idonka.

Yanzu aikin da nake yi kenan gaba ɗaya, ina haɗa wa ɗakunan karatu da ƙungiyoyi tsarin nemo takardunsu ina kuma koyar da ma'aikatansu, Alhamdulillah. Malam yayi ritaya amma har yanzu in abu ya shige min duhu shi nake kira. Ana ta tambayata game da sabon salon nan da ake mayar da ma'anar jimla jerin lambobi a nemo makusanta, na gwada shi da buɗaɗɗun manhajoji akan jerin tambayoyina, yana kamo takardar da ta faɗi abu da wasu kalmomi daban wanda BM25 ba zai gani ba, amma a lambar wasiƙa da sunan mutum da kwanan wata tsohon fihirisa ya fi shi nesa, kuma sabon salon a rubutun Hausa yafi rauni akan na Turanci, shi yasa nake haɗa su biyun in gauraya sakamakon. Abin da ke gabana a yanzu takardun da aka rubuta da hannu ne, Tesseract bata iya karanta su yadda ya kamata, don haka muna bi ɗaya bayan ɗaya muna buga sunan mai wasiƙar da wanda aka aika wa da shekara da layi biyu na abin da take magana a kai, mu saka wannan a fihirisa mu haɗa shi da hoton. Akwatuna ne da yawa kuma da na ma'aikatan da suka rasu muka fara.